Sallah ba tare da nama ba: yadda za ka ci ka ƙoshi a gidajen dangi, da abin da zai maye gurbin jelatin

A Katsina da Daura, wanda ba ya cin nama ya fi shan wuya a ranakun da kowa ke murna. Sauran kwanakin shekara ba mai leƙa kwanonka. Ka ci ɗan wake da safe, dambu da rana, tuwo miyar kuka da dare, babu mai tambaya. Ranar Sallah kuwa abinci saƙo ne. Gwaggon da ta tashi tun asuba tana fama da tanda da hayaƙi, in ta turo maka kwano ka mayar, ba za ta ɗauka waina ka ƙi ba, za ta ɗauka ita ka ƙi. Don haka aikin da ke gabanka biyu ne: ka kiyaye cikinka, ka kuma kiyaye zumunci. Duka biyun suna yiwuwa in ka shirya da wuri. A ƙarshe kuma za mu zo kan jelatin, sinadarin da ake samu daga dabba wanda ke ɓuya a alewa da jeli, da abin da zai maye gurbinsa.

Masu barin nama iri-iri ne. Akwai wanda likita ya hana saboda ciwon ƙoda ko ciwon gaɓoɓi, akwai wanda tun yana yaro ko ƙarnin nama ba ya iya jurewa, akwai baƙon da aka gayyato, misali abokin aiki ɗan Indiya, akwai kuma wanda ya zaɓa don kansa. Babu ɗayansu da ya ce nama haramun ne, kuma bai kamata a riƙa yi musu kallon masu sabon addini ba.

Mataki na farko: ka san iyakarka

Kafin ka roƙi kowa komai, ka tsayar wa kanka magana. Naman dabba kaɗai ka bari, ko har da kaza da kifi? Kana cin ƙwai? Nono da man shanu fa? In an dafa miya da nama aka tsame tsokar, za ka sha? Wanda bai yanke wannan ba shi ke rikita masu girki: yau ya ƙi romo, gobe a gan shi yana shan farfesu, jibi ba mai ɗaukar maganarsa da muhimmanci. In likita ne ya sa maka dokar, ka tambaye shi dalla-dalla, domin mai ciwon ƙoda ana iya rage masa wake da gishiri da kanwa ma, ba nama kaɗai ba.

Mataki na biyu: ka gana da mai girki tun kafin jajibere

Mai gida ba shi ke riƙe da ludayi ba. Wadda za ta ɗora tukunya ita za ka samu, kuma kwana uku ko huɗu kafin Sallah, lokacin da ba a riga an yi cefane ba. Ranar jajibere kan kowace mace ya ɗau zafi, ga kitso, ga lalle, ga ɗinkin yara da tela bai gama ba. Duk abin da ka faɗa a ranar zai bi iska.

Kada ka je hannu rabbana. Ka riƙo kabewa da gyaɗa da ɗan man gyaɗa, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce:

"Gwaggo, alfarma nake nema. Kun san nama ba ya karɓata. In za a yi miyar Sallah, a ɗibar mini kaɗan a ƙaramar tukunya kafin a zuba romo. Ga wannan a ƙara."

Za ta ce, "Kai ɗan nan, Sallah guda ba nama? To, Allah ya sawwaƙe, za a ɗibar maka." Shi ke nan. Kada ka buɗe mata lacca a kan kitse da hawan jini. Abin da ka roƙa ƙarami ne, ludayi uku na miya kafin romo, kuma roƙo irin wannan yakan faranta wa babba rai, domin ka nuna girkinta kake so.

Mataki na uku: ka san inda nama ke ɓuya

Tsoka ba ta ɓuya, kowa yana ganinta. Abin da ke kama mutane shi ne wanda ya narke ya shige.

Na farko romo. Da shi ake dafa dafa-duka da soyayyar shinkafa da taliya a mafi yawan gidaje ranar Sallah, kuma da shi ake tsinka miyar waina. Shinkafa tana iya zuwa gabanka ba ko ƙashi, alhali a ruwan kaza ta nuna. Farar shinkafa, tuwo, waina, sinasir, funkaso da alkubus su kansu lafiya lau suke, miyarsu ce abin tambaya.

Na biyu mai. Wannan ya fi tsanani a Babbar Sallah. Bayan an gama suya, man da aka tsame nama a ciki da kakiɗen da ya kwanta ba a zubar da su. Su ake zuba wa shinkafa da wake, su ake soya dankali da ƙwai da su, wani lokaci har makonni. Saboda haka "wake da shinkafa da mai da yaji", wanda a kowane lokaci shi ne mafakar marar cin nama, a makon layya sai ka tambayi wane mai ne.

Na uku ɗanɗano. Wasu dunƙulen magi suna ɗauke da garin kaza ko kitsenta ko karafish, wasu kuwa gishiri ne da kayan ƙamshi kawai. Takardar jiki ce za ta raba gardama. Haka alale: ana yawan sa masa kifi ko karafish. Miyar kuka da ta kuɓewa kuma, ko ba a sa nama ba, busasshen kifi yakan shiga a dake.

Akwai kuma ranar cika-ciki a watan Muharram, wadda wasu gidaje ke ajiye wani ɓangare na ragon layya dominta. Wannan ma ka sa ta a lissafi, tukunyar ranar ba taka ba ce sai an ware maka.

Game da layya kanta, barin cin nama ba ya hana ka yanka in kana da hali. Ka yanka, iyalinka su ci, ka yi sadaka, ka kai wa maƙwabta. A wajen mafi yawan malamai, mai layya ya ci daga dabbarsa mustahabbi ne, ba sharaɗin ingancinta ba. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka zauna da malamin unguwarku ka faɗa masa dalilinka.

Mataki na huɗu: ka zo da kwanonka, mai isar mutane da yawa

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci. Wanda ya zo da ɗan kwano nasa shi kaɗai ya ware kansa. Wanda ya zo da kula cike ya ajiye a tsakiyar tabarma ya zama mai kawo abincin Sallah kamar kowa, kuma a rana ta biyu ta layya, lokacin da maiƙo ya gundure mutane, za ka ga hannuwa sun fi yawa a kwanonka.

Abu biyu nake ba da shawara a iya su sosai.

Miyar taushe marar nama. Sirrinta yana cikin abin da zai tsaya a madadin romo, wato daddawa da albasa da haƙuri. Ki yanka manyan albasa biyu ki soya a man gyaɗa da ɗan manja a wuta kaɗan har su yi ja su yi zaƙi, kada ki yi gaggawa. Ki ɗan gasa daddawar kalwa, ki daka ta da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, ki zuba a man ta soyu kafin jajjage ya shiga. In kina da kauɗar tumatir, ki jiƙa ki markaɗa tare da tattasai da attarugu, domin busasshen tumatir ya fi ɗanye ƙarfin ɗanɗano. Kabewa a dafa ta daban a farfasa, kuma ruwan da ta dahu a ciki kada a zubar, shi ne romonki. Sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a bar ta ta nuna har mai ya taso, sannan alayyahu da 'yar yakuwa a ƙarshe. In mai cin yana shan nono, cokali ɗaya na soyayyen man shanu a kai ya gama magana.

Sai awara. Waken suya yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa in yana bushe, shi ya sa awara ke riƙe ciki. Wadda ba ta da lokacin jiƙa wake da markaɗe da tata da ruwan tsami, ta sayi ɗanya wurin mai yi a unguwa tun ana gobe Sallah. Ki danne ta da abu mai nauyi ruwan ya tsane sosai, ki yanka ƙanana, ki ɗan tafasa a ruwan gishiri da daddawa da albasa don ɗanɗano ya ratsa cikinta, ki tsane, ki soya a sabon mai. Tana fitowa da zafinta ki barbaɗe ta da yajin ƙuli-ƙuli mai citta, ki yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Wani ɓangaren kuma ki jefa a jar miya ya ɗan tafasa, a ci da shinkafa.

Kwaɗon zogale ko na rama, dambun shinkafa mai zogale da gyaɗa, ƙosai, duk suna cike tabarma kuma ba sai na koya wa Bakatsine su ba.

Mataki na biyar: yawon Sallah

Ka ci ka ƙoshi a gida kafin ka fita, musamman in za ka tsaya kallon hawa a Kangiwa ko ƙofar fadar Daura. Wuni ne guda, kuma a Babbar Sallah masu tuyar bakin hanya da yawa sukan huta kwana ɗaya ko biyu. Ka sa dabino da gyaɗa a aljihu.

A kowane gida ka karɓi wani abu. In an kawo faranti, ka ce "Hajiya, a ba ni fura tukuna, ita nake marmari," ko ka ɗauki cincin da dubulan da zoɓo. Bakin da ke tauna ba a cika matsa masa ba. In an ƙulla maka soyayyen nama a leda, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya ka sa albarka, ka kai wa wanda zai ci. Mayar da kyautar layya cin fuska ne, kuma almajirai da maƙwabtan da ba su yanka ba suna nan. Masu zolaya, abokan wasa da jikoki da kakanni, a bar su su yi, amsa ɗaya da murmushi ta isa.

Ke kuma uwar gida, in baƙonki ba ya cin nama, tsame tsoka daga miya bai wadatar ba. Ki ɗibi nasa kafin romo, ki ba tukunyarsa ludayinta.

Jelatin: mene ne, ina yake

Duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar saniya ko ganda ya kwana, ya tarar da romon ya daskare yana rawa, ya ga jelatin da idonsa. Furotin ne da ake fitarwa daga fata da ƙashin dabba ta hanyar dafawa. Wanda masana'antu ke sayarwa a duniya akasarinsa daga fatar alade da fatar shanu da ƙasusuwansu ake yin sa, kaɗan daga kifi. Shi ya sa maganarsa ta shafi kowane Musulmi, ba marar cin nama kaɗai ba.

Da Sallah yana shigowa gida ta alewar da ake raba wa yara: mai taushi mai danƙo da ake yi da siffar 'yan dabbobi, farar nan mai laushi da ake kira mashmalo, garin jeli na kwali, wasu yogot da askirim, da wasu kayan ado na kek. Ka juya leda ka karanta jerin kayan haɗi. In ka ga gelatin ko gelatine ko E441, shi ne. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne, ba ta ce babu jelatin ba. Tambarin halal yana nufin ba na alade ba ne, amma yana iya zama na saniya ko kifi, don haka ya warware wa mai gudun haram, bai warware wa marar cin nama ba. Kayan Indiya suna da sauƙin ganewa: koren ɗigo a cikin koren murabba'i alama ce ta babu nama. Waɗannan kuwa daga tsirrai suke: E406 agar, E407 karajinan, E440 fektin, E414 ƙaro.

Hanya mafi sauƙi ita ce a koma wa kayan zaƙinmu. Alkaki, nakiya, tuwon madara, gullisuwa, iloka, kantun riɗi, alewar gyaɗa, babu wanda ke buƙatar jelatin. Amma ga mai son ta yi jeli ko wani abu mai daskarewa don baƙi, ga hanyoyi.

Agar, wanda ya fi dacewa da zafinmu

Daga wata jar ciyawar teku ake yin sa. Mutanen Japan suna amfani da shi tun ƙarni na 17, kuma tun shekarun 1880 masu binciken ƙwayoyin cuta ke shuka ƙwayoyin a kansa. Na girki za a nema wurin masu sayar da kayan haɗin kek, ba na ɗakin gwaji ba. Wani lokaci a jikin kwalin ana rubuta China grass. Ba kowane shago ke ajiye shi ba, don haka a fara nema da wuri, ko a yi saƙo Kano.

Abin da ya sa na fifita shi: jelatin yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 35, kuma a Katsina watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40. A 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni. In aka ɗauke wuta, jelin jelatin ya koma ruwa kafin baƙi su iso. Agar kuwa yana kamawa tsakanin digiri 32 da 40, kuma in ya kama ba ya narkewa sai wajen 85. Zai wuni a faranti yana tsaye.

Awonsa: ƙaramin cokali ɗaya na garin, wajen giram 2, ga kofi ɗaya mai mililita 250. Wato cokali biyu ga ruwa cikin ledar fiya-wata ɗaya. In mai ɓarzaɓarza ne ba gari ba, babban cokali ɗaya ga kofi.

Ga jelin zoɓo. Ki dafa zoɓo mai kauri da citta da kanumfari, ki tace, ki auni mililita 300 ki ajiye da ɗuminsa. A wata tukunya ki zuba ruwan sanyi mililita 200, ki barbaɗa agar ƙaramin cokali biyu da rabi, ki motsa kafin ki kunna wuta. Rabin cokalin nan na ƙari saboda tsamin zoɓo ne, domin tsami yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ma ba a tafasa su tare. Ki bar shi ya tafasa sosai minti uku kina juyawa har ki daina ganin ƙwayoyinsa a bayan cokali. Nan ne mafi yawan masu gwadawa ke faɗuwa: jelatin ɗumi kawai yake so, agar kuwa in bai tafasa ba ba zai kama ba. Sai sukari, ya narke, ki sauke, ki zuba zoɓon kina juyawa. Kada zoɓon ya zama mai sanyi, in ba haka ba agar zai dunƙule nan take ya yi zare-zare. Ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi. In ya kama cikin minti ɗaya ko biyu, ki juye a tire ko ƙananan kofuna. In bai kama ba, ki tafasa wani rabin cokali a ɗan ruwa ki haɗa. Da tsakar rana a bazara ɗakin girki yana iya fin zafin da agar yake kamawa, sai ki ɗora tiren a cikin faranti mai ruwan randa, ko ki yi aikin da dare.

Da madara ma haka ne, sai dai in ana son ya yi laushi a sha da cokali, a rage zuwa cokali ɗaya ga rabin lita. Kindirmo ba a tafasa shi: a dafa agar a ruwa ko madara, a sauke ya ɗan huce, a zuba kindirmon da ba daga firij ya fito ba, a juya da sauri. Ɗanyen abarba da gwanda da citta suna hana jelatin kamawa domin suna narkar da furotin. Agar ba furotin ba ne, wannan bai dame shi ba, tsaminsu kawai za a lura da shi.

Abu ɗaya da ba zai yi ba: ba ya danƙo. Yana yankuwa tsaf, yana farfashewa a baki, amma ba zai ba yara alewa mai jan haƙori ba.

Sitaci, fektin da ƙaro

Wanda bai samu agar ba yana da sitaci a gida. Garin kwastad sitacin masara ne da kala da ƙamshi, kuma agidi ma da gasara ake daskarar da shi. Madara rabin lita, sitacin masara babban cokali biyar ko shida, sukari daidai baki: a dama sitacin da madara mai sanyi, a zuba a sauran tana tafasa, a tuƙa minti biyu zuwa uku har warin gari ya fita, a juye a kofunan da aka ɗauraye da ruwa. In ya huce sai a kife. Sitacin rogo ya fi danƙo da sheƙi, shi ya fi kusa da abin da yara ke nema. Alewar Turkiyya da alhazai kan kawo tsaraba, ta asali da sitaci da sukari ake yin ta, ko da yake wasu masu araha suna sa jelatin, sai a duba.

Fektin yana cikin 'ya'yan itace, kuma gwaiba na da shi da yawa. A dafa gwaiba kilo ɗaya ta yi laushi, a tace 'ya'yan, a auni abin da ya fita, a sa sukari kamar kashi uku cikin huɗu na nauyinsa da ruwan lemun tsami biyu. A tuƙa a wuta matsakaiciya har ya fara barin gefen tukunya, a juye a tiren da aka shafa wa mai, a bar shi ya kwana, a yanka a birgima a sukari. Fektin irin wannan sai da sukari da tsami yake kamawa, don haka wanda ya rage sukarin sosai zai samu abin shafa wa burodi ne, ba abin yankawa ba. Yana fantsama in ya yi kauri, a yi amfani da muciya mai tsawo.

Ƙaro, wanda ake sa wa tawada, shi ne E414 da kamfanonin alewa da lemo ke saye daga Sudan da Chadi da jihohinmu irin su Borno da Yobe da Jigawa. Yana ƙara kauri yana haɗe alewa, amma ba ya daskarar da ruwa ya zama jeli, kada a ɓata kaya ana jira.

Magani da lafiyar jiki

Ɓawon kafso da yawa jelatin ne. Kada kowa ya daina shan maganin da aka rubuta masa saboda wannan. A tambayi mai harhaɗa magani ko akwai irinsa na ƙwaya ko na ruwa, ko kafson da aka yi da sinadarin tsiro, wanda ake rubuta wa HPMC. Kada kuma a buɗe kafso a zazzage garin sai an tambaya, wasu an yi su ne don su narke a hankali.

Wanda ya bar nama na dogon lokaci ya kula da bitamin B12, domin tsirrai ba sa ba da shi. Nono da madara da ƙwai suna da shi, wanda ya bar su duka kuwa sai ya sha na ƙwaya. Sinadarin ƙarfe na wake da zogale yana shiga jiki sosai in an haɗa da lemun tsami ko tumatir ko gwaiba, shayi kuma yana tare shi, don haka a jinkirta shayin kamar awa ɗaya bayan cin abinci.